Wane takalmi za ka saya kafin ka hau Dutsen Nur?

Duk shekara, da zarar alhazai da masu Umara sun ɗan samu sarari a Makka, sai ka ji wasu na cewa ba za su koma gida ba sai sun ga kogon Hira da idonsu. Kogon yana kan Dutsen Nur, kimanin kilomita 4 arewa maso gabas da Harami, dutsen kuwa ya haura mita 600. Malamai sun sha faɗa cewa hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Amma wanda ya ƙwallafa rai sai ya ga wurin da Mala'ika Jibrilu ya fara zo wa Annabi (SAW) da "Iƙra'", to ya san cewa matakala fiye da dubu ke gabansa, wata doguwa wata gajeriya, kuma tafiyar awa ɗaya ce zuwa biyu. Tun 2023 an buɗe cibiyar al'adu ta Hira a gindin dutsen, wurin ya yi kyau, amma hawan dutsen dai ba wasa ba ne.

Yawancin mutanenmu da silifas suke tafiya, kuma na san dalili: ga araha, ga sauƙin alwala, ga sauƙin cirewa a ƙofar masallaci. A harabar Harami ba shi da laifi. A kan dutse kuwa, da ƙafa ta yi gumi sai ta riƙa zamewa a cikinsa. Na taɓa tarar da wata dattijuwa a tsakiyar hanya, zaune a kan matakala, hancin silifas ɗinta ya tsinke tana ƙoƙarin ɗaure shi da leda, rana ta fara ɗagawa, dutsen ya fara ɗaukar zafi. Har yau ina tuna yadda take duban sama tana duban ƙasa. Silifas dai a bar shi a masauki. Haka ma sau-ciki na fata mai santsin gindi, na zuwa ɗaurin aure ne.

Sandal mai maɗauri a dunduniya da kan ƙafa ya fi su nesa ba kusa ba. Yana shan iska, ba shi da nauyi, kuma za ka ci gaba da amfani da shi bayan ka sauko. Illarsa ita ce yatsu a waje suke. Kafin a kai bakin kogon sai an gangara kaɗan daga ƙolin dutsen, a ratsa wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu, ga turereniyar jama'a, domin kogon tsawonsa bai kai mita 4 ba. A nan ake tuntuɓe, a nan ake taka mutum.

Ni kambas nake saya, mai gindin roba mai zane-zane masu zurfi. Idan ka je kasuwa, sabo ne ko gwanjo, kada kyan samansa ya ɗauke maka hankali. Juya shi ka duba gindin. In ya cinye ya yi sulɓi, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Gwanjo mai lafiyayyen gindi irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ya fi sabo mai ƙyalƙyali wanda gindinsa kamar soso. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafarka, ka bar sararin yatsa ɗaya a gaba. Dalili kuwa saukowa ce: nauyin jiki duk yana tura yatsu gaba, takalmin da ya matse sai ya bar ka da baƙin farce. Hajiya ma kambas ɗin ne ya dace da ita, kuma ta sa abayar da ba ta jan ƙasa.

Babban but na masu hawan duwatsun ƙanƙara ba sai ka kashe kuɗinka a kansa ba. Yana da tsada, yana da zafi, zai kuma cinye maka kilo a jaka.

Sauran kayan ba su da yawa. Ƙaramar jakar goyo ta fi leda, domin hannuwa su zama a sake, kuma birai na dutsen sun saba da fizgar leda. Ka zuba ruwa gora biyu. Masu dabara da dare suke hawa ko da asuba, tunda zafin Makka a lokacin bazara yana wuce maki 40, don haka tocila mai ɗaurawa a goshi ta fi fitilar waya. Mai ciwon gwiwa ya nemi sanda, mai ciwon zuciya ko hawan jini kuwa ya fara tambayar likita.

Abin da ba na so shi ne a bari sai an isa Makka a sayi sabon takalmi a hau da shi washegari. Zai ci maka dunduniya, alhali akwai ɗawafi da sa'ayi a gabanka. Saya shi a gida da saura wata guda, ka riƙa yawo da shi. In kana Kano, ka hau Dala ko Goron Dutse da shi sau biyu-uku, ka lura da inda yake matsa ka wajen saukowa.