Zuwa Ƙarshen Duniya a Jirgin Yot: Kudu ko Arewa, Kuma a Hannun Wa?

Duk wanda ya fara tunanin zuwa yankunan ƙanƙara a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska, wanda ake kira yot, hoto ne ke fara kama shi: jirgi tsaye a ruwa lumui, tsaunin ƙanƙara a bayansa, rana tana haskawa. Hoton gaskiya ne, amma bai nuna kwana huɗun da aka yi ana fama da jiri da amai kafin a iso wurin ba. Shi ya sa nake ganin kafin mutum ya zaɓi kamfani, sai ya zaɓi tekun da jikinsa da lokacinsa za su iya ɗauka, sannan ya duba jirgin da kyaftin ɗin.

Tambaya ta farko ma ita ce ko yot ɗin ne ya dace da kai. Babban jirgin masu yawon buɗe ido yana da likita, ɗaki mai banɗakinsa, da gudu. Amma a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane can, IAATO, wadda aka kafa a 1991, ba ta barin mutum sama da 100 su sauka wuri guda a lokaci ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da 500 kuwa ba ya sauke kowa. A babban jirgi kenan za ka jira layinka. Yot ba ya wuce fasinja 12, wani ma shida ko takwas. Kuna iya sauka gaba ɗaya, ku wuni a tsibiri guda in ranku ya so, ku kwana a lungun da babban jirgi ba zai taɓa shiga ba. Farashin wannan shi ne ƙunci, da sanyi, da aiki. A yawancin waɗannan tafiye-tafiye kai ba baƙo ba ne, ɗan jirgi ne: za ka karɓi gadi na awa uku ko huɗu har cikin dare, ka ja igiya, ka sa ido kan ƙanƙara, ka wanke kwanuka. In wannan bai burge ka ba, babban jirgi ya fi maka, kuma babu abin kunya a ciki.

Antaktika

Lokacinta daga Nuwamba zuwa Maris. Ana tashi daga Ushuaia a Ajantina ko Puerto Williams a Cile, a ratsa Mashigin Drake, wanda faɗinsa ya kai kilomita 800 tsakanin Cape Horn, a ƙarshen Kudancin Amurka, da tsibiran South Shetland na Antaktika. Babban jirgi kan ƙetare shi cikin kwana biyu. Yot kan ɗauki uku zuwa biyar. Abin da ya sa mashigin ya yi suna shi ne a wannan layin babu wata ƙasa da ke tare iskar yamma ko igiyar ruwa, suna kewaya duniya ne ba birki, sai su matse a nan. Kyaftin mai hankali kan zauna a gaɓa kwana biyu ko uku yana jiran iska ta lafa, kuma a dawowa yakan taso da wuri don kada guguwa ta riske shi.

Yi lissafi a kan wannan. Tafiyar da aka tallata a matsayin ta kwana 21, in ka cire zuwa da dawowa da jira, abin da zai rage maka a Antaktika kanta bai fi kwana goma ko sha biyu ba. Wannan adadin ne za ka tambaya, shi ne kuma za ka raba kuɗin da shi idan kana kwatanta tayi biyu. Akwai masu kauce wa Drake ɗungurungum: ka hau jirgin sama daga Punta Arenas zuwa tsibirin King George, tafiyar kusan awa biyu, yot ɗin yana can yana jiranka. Ya fi tsada, kuma hazo kan hana jirgin sama sauka har kwanaki, amma ga wanda lokacinsa kaɗan ne ko cikinsa ba ya jure teku, hanya ce mai kyau. Ni dai ina ganin wanda ya iso ta ruwa, ya hango tsaunin ƙanƙara na farko bayan kwanakin wahala, ya samu wani abu da na jirgin sama bai samu ba.

Watan ma yana da bambanci. A Nuwamba dusar ƙanƙara sabuwa ce fara fat, tsuntsayen fengwin suna haɗa sheƙa, amma ƙanƙarar teku kan toshe hanyar kudu. Disamba da Janairu ƴaƴan tsuntsayen sun ƙyanƙyashe, rana kusan ba ta faɗuwa. Fabrairu da Maris su ne na manyan kifayen wel, hanyoyi irin su Mashigin Lemaire sun fi buɗewa, sai dai dare ya fara dawowa.

Tsibirin South Georgia wani babi ne daban. A nan ne, a Grytviken, aka binne Ernest Shackleton, shahararren mai binciken Antaktika, a 1922, kuma a St Andrews Bay kaɗai akwai manyan fengwin sama da dubu ɗari. Ga mai son dabbobi, babu kamarsa. Amma daga Stanley a tsibiran Falkland tafiyar kusan mako guda ce a buɗaɗɗen teku, dawowar kuma iska a fuska take. Wata guda za ka ware. Tun da murar tsuntsaye ta isa tsibirin a 2023 kuma, ana iya rufe wurin sauka ba sanarwa, don haka ka tambayi halin da ake ciki kafin ka biya.

Arewa

Idan wannan ce tafiyarka ta farko, Svalbard, tsibiran ƙasar Norwe da ke can arewa mai nisa, nake ba ka shawara, kuma ba na kokwanto a kai. Jirgin sama na yau da kullum yana kai ka Longyearbyen daga Oslo ko Tromso, gari ne a digiri 78 na arewa, kana sauka ka shiga yot, washegari kana gaban kogin ƙanƙara, wato tulin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tudu zuwa teku. Babu wani mashigi da za ka ƙetare. Ruwan ɗumi da ke haurowa daga Atlantika shi ke buɗe gaɓar yammacin tsibiran, kuma akwai lungunan teku da yawa da ake fakewa idan iska ta tashi. Mako guda zuwa kwana goma ya isa. Daga kusan 20 ga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa sam, ka riƙe abin rufe ido don barci. Afrilu da Mayu na masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne, Yuni zuwa Agusta na masu yawon ƙafa da kallon dabbobi.

A nan akwai farin beyar, kuma ba abin wasa ba ne. Ba a fita wajen gari sai da abin kare kai, jagoranku zai riƙe bindiga da abin tsoratarwa. Daga 1 ga Janairu 2025 Norwe ta tsaurara doka: dole a bar tazarar mita 300 tsakaninka da beyar, mita 500 daga Maris zuwa Yuni, sannan a yankunan da aka keɓe wurare 43 ne kawai aka yarda masu yawon buɗe ido su sauka. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarin ganin beyar kusa da kusa, ko dai bai san doka ba ko yana shirin karya ta. Wani abin lura: Svalbard kanta ba ta neman biza, amma hanyar ta Norwe ce, don haka mai buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, sai ya nemi mai shiga sau biyu, domin dawowa daga tsibiran shiga ce sabuwa.

Girinlan ta fi Svalbard girman ƙanƙara, kuma akwai mutanen ƙasa, ƴan Inuwit, masu garuruwansu. A yamma, wajen Ilulissat da Disko Bay, tsaunukan ƙanƙara kan cika teku, kuma akwai ƙauyuka da tashoshi a hanya. A gabas akwai Scoresby Sund, wanda ya fi kowane lungun teku girma a duniya, da gari guda, Ittoqqortoormiit, mai ƴan ɗaruruwan mutane. Ƙanƙara ba ta barin a shiga sai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ana iya zuwa ta jirgin sama daga Aislan a tarar da yot a can, ko a ƙetaro ta teku, wanda tafiya ce mai nauyi. Girinlan ba ta cikin Shengen, bizarta sai an rubuta sunanta a jiki.

Sai Mashigin Arewa maso Yamma, ta saman Kanada. Roald Amundsen ne ya fara ratsa shi a ƙaramin jirginsa Gjoa, daga 1903 zuwa 1906, bayan da John Franklin ya shiga da jirage biyu a 1845 ba wanda ya dawo. Sai a 2014 da 2016 aka gano jiragen a ƙarƙashin ruwa. Yau yot na ratsawa a bazara guda, amma ba kowace shekara ba. Makonni ne masu yawa, yawancinsu da inji, kuma ƙanƙara na iya mayar da ku baya. Wannan ba ta ɗan fari ba ce.

Jirgin da mai jirgin

A nan ne mutane suka fi yin sakaci. Tambayi da me aka ƙera gangar jikin jirgin. Ƙarfe ko alminiyam ake so, domin idan sun daki ƙanƙara lotsawa suke yi, faiba kuwa, wato roba mai zaren gilashi, tsagewa take yi. A gaɓar yammacin Svalbard cikin bazara jirgin faiba mai ƙwari yana iya aiki. A Antaktika da gabashin Girinlan ni ba zan yarda da shi ba. Tambayi ko akwai rufaffen ɗakin tuƙi mai tagogi, domin gadin awa uku a fili cikin iska da feshin ruwa ya sha bamban da gadi a ciki. Tambayi abin ɗumama ɗaki, da inda ake shanya kaya, da yawan man da tankin ke ɗauka, da ko akwai kwalekwalen roba biyu, tun da idan ɗaya ya lalace kuna gaɓa, ɗayan ne zai ɗauko ku. A tabbatar maka da rigar tsira mai hana sanyi ga kowane mutum, domin ruwan nan yana dab da daskarewa ne, wanda ya faɗa ciki mintuna kaɗan hannayensa za su daina aiki. Ko babban jirgi bai tsira ba: a 2007 wani mai suna Explorer ya nitse kusa da South Shetland bayan ƙanƙara ta huda shi, Allah ya kiyaye aka ceto mutum 154 da ke ciki saboda akwai wasu jirage a kusa kuma teku ta yi sauƙi ranar.

Kyaftin kuwa, shekarunsa a teku ba su ne tambayar ba. Sau nawa ya yi lokacin bazara a wannan yankin da kansa? Sanin inda anka ke kamawa, da dutsen da za a ɗaura igiya idan iskar da ke gangarowa daga kan ƙanƙara ta auko cikin dare, ba a taswira yake ba, da yawa daga cikin lungunan nan ma ba a gama auna zurfinsu ba. Nemi ka yi magana da shi kai tsaye, ka kuma nemi wani da ya taɓa tafiya da shi. Kyaftin da ya ce maka tsarin tafiyar na iya canzawa kowace safiya, shi ne ya faɗa maka gaskiya.

Takarda ma ka gani da idonka. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959 da ƙarin da aka yi mata kan muhalli a Madrid a 1991 sun sa kowace tafiya sai da izinin hukumar wata ƙasa. A 2011 wani yot da ya shiga ba izini ya ɓace a Tekun Ross na Antaktika da mutum uku. Ka tabbatar jirgin yana da rajistar ɗaukar fasinja don kuɗi, ba jirgin wani ba ne da ke neman masu taya shi sayen mai. Araha ba ta ado, balle a wurin da taimako ke iya ɗaukar kwanaki kafin ya iso.

Game da kuɗi, dubban daloli ko yuro ake magana, kuma kudu ta fi arewa tsada nesa. Bayan kuɗin gado akwai tikitin jirgin sama, kwanan otal na jira a gaba da baya, kayan sanyi, da inshora. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da yankunan nan ko tuƙin yot nesa da gaɓa ba; nemi wadda ta rubuta sunan yankin da kwaso mara lafiya ta jirgin sama. Karanta abin da zai faru da kuɗinka idan jirgin ya lalace ko aka soke tafiyar, kuma kada ka sayi tikitin komawa na ranar da aka ce za a dawo, bar tazarar kwana biyu ko uku.

Abu na ƙarshe jikinka ne. Babu likita a yot, sai akwatin magani da wayar tauraron ɗan'adam. Mai ciwon zuciya, ko mai maganin da ba ya iya fashinsa, ya zauna da likitansa tukuna, a duba haƙora ma. Kafin ka zuba kuɗin Antaktika, yi kwana uku ko huɗu a yot a wani teku mai igiyar ruwa, ka kwana a ɗan gadon nan, ka gwada maganin jirin da za ka tafi da shi, ka ga yadda kake tashi ƙarfe uku na dare idan aka taɓa ka aka ce gadinka ya yi.