Draya mai burushi ta Revlon One-Step: tana miƙar da gashi, amma ina batun danshi?

Duk mai gashi irin namu, mai cika da murɗewa wanda bai taɓa ganin rilaksa ba, ta san wahalar ranar wankin kai. Hannu ɗaya na riƙe da draya, ɗayan na riƙe da mataji, gashin kuma yana cukurkuɗewa tun ba a kai rabi ba. Wannan wahalar ce ta sa Revlon One-Step ta samu karɓuwa, domin draya ce da burushi a jiki ɗaya. Iri biyu aka fi gani a kasuwa. Akwai mai mulmulallen kai da ake kira Volumizer, akwai kuma mai faffaɗan kai kamar ƙaramin allo. A kan mai faɗin za mu yi magana, don ita ta dace da gashi mai murɗewa sosai. Mulmulalliyar an yi ta ne domin nannaɗe gashi mai santsi, idan ta shiga cikin namu sai ta sarƙe.

Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Iska tana shiga ta gindin mariƙin, ta fito ta ramukan da ke tsakanin haƙoran burushin. Haƙoran na roba ne masu ɗan lanƙwasuwa, kowanne da ɗan dunƙule a bakinsa don kada ya karci fatar kai. A gindin ake murɗa makunnin, kuma matakai uku ne da ita: iska marar zafi, zafi kaɗan, da zafi sosai. Igiyarta tana juyawa, ba ta nannaɗe hannu. Mariƙin yana da kauri, mai ƙaramin hannu za ta ji gajiya kafin ta gama kai guda, kuma tana da ƙara. Waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban abin dubawa shi ne zafi.

A 2011 wasu likitocin fata a Koriya ta Kudu sun gwada busar da gashi da draya daga nisa daban-daban. Daga nisan santimita 15 zafin da ya isa gashin digiri 47 ne, daga santimita 10 ya kai 61, daga santimita 5 kuwa ya kai 95, kuma gwargwadon ƙaruwar zafin gwargwadon yadda ɓawon silin gashin ya tsattsage. Abin da suka ga ya fi sauƙin illa shi ne riƙe drayar daga santimita 15 ana motsa ta ba tsayawa. To, One-Step ba ta da nisa ko kaɗan, a jikin gashin take kwance. Kariyar da tazara ke bayarwa babu ita a nan, sai dai a rama ta wasu hanyoyi biyu: a zauna a matakin zafi kaɗan, kuma kada hannu ya tsaya wuri ɗaya. Wadda ta murɗa ta zuwa matakin sama don ta gama da wuri za ta ga gashi ya miƙe sumul a ranar, bayan kwana uku ya koma kamar tsintsiya.

Namu ya fi saurin jin jiki saboda yadda aka halicce shi. Silin ba mulmulalle ba ne, yana da ɗan faɗi, kuma a kowace murɗa yana da wurin da ya fi rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa ta cikin murɗe-murɗen har ya kai ƙarshe, shi ya sa bakin gashin kullum ya fi tushen bushewa. Draya ba ta ƙara danshi, kowace iri ce, ko me aka rubuta a kwalinta. Abin da aka sa wa gashin kafin a kunna ta shi zai nuna yadda za a wanye.

Aikin yana farawa tun kafin wanki. A tsefe kitso, a raba gashin gida shida ko takwas, a shafa man kwakwa cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci ga kai gaba ɗaya, a bar shi aƙalla awa ɗaya. Man kwakwa muka ambata da gangan, domin wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna yana ratsa cikin silin ya rage zubewar furotin lokacin wanki, abin da sauran mayukan biyu da aka gwada tare da shi ba su yi ba. Sai a wanke da shamfu, a mai da hankali kan fatar kai. Idan an daɗe ana lafta man kaɗanya da jel, a wanke sau biyu, don ragowar tsohon mai shi ke toyewa a kan burushi ya bar gashi da ƙauri da danƙo. Masu wanke kai da karkashi za su ji daɗin yauƙinsa wajen warware sarƙiya, amma a ɗauraye shi tas kafin a zo ga zafi. Bayan nan a sa kwandishina mai kauri, a rufe da hular leda minti 20 zuwa 30, a taje da mataji mai manyan haƙora tun yana jiki, sannan a ɗauraye.

Ga inda aka fi yin kuskure. Kada a ɗora One-Step a kan gashi yana ɗigar ruwa. Jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, yana miƙewa kamar roba har ya tsinke, kuma ruwan da ke cikin silin idan ya ji zafi mai tsanani yakan tafasa ya bar kumfa a ciki, a nan gashin ke karyewa daga baya. A matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, ba tare da gogawa ba, a murɗe kowane gida, a bar shi ya sha iska kamar minti 20 zuwa 30. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi gashin, idan tafin hannu ya ji sanyin danshi amma bai jiƙe ba, lokaci ya yi. Idan kuma ya bushe ƙayau kafin a iso wani gida, a ɗan fesa masa ruwa, domin busasshen gashin da ya riga ya ƙanƙance ba ya miƙewa, sai dai ya karye.

Abu biyu kawai ake sa wa kowane gida, kuma kaɗan-kaɗan. Na farko kwandishinan da ba a wankewa, mai ruwa-ruwa, kamar girman ƙwayar gyaɗa. Na biyu man kariya daga zafi, fesawa biyu zuwa uku, ko ɗigo biyu idan mai kauri ne. A duba bayan kwalbar a nemi dimethicone ko amodimethicone cikin kayan haɗin. Waɗannan nau'in silikon ne, su ne ke lulluɓe silin su rage saurin fitar ruwa, su kuma sa haƙoran burushi su zame maimakon su ja. Mun san akwai masu gudun silikon, kuma a ranakun da babu zafi suna da hujjarsu, amma ranar draya ba ranar gudunsa ba ce, shamfu zai fitar da shi a wanki na gaba. Man kaɗanya da man zaitun a ajiye su gefe tukuna. Ba domin kare zafi aka yi su ba, kuma idan aka sa su da yawa kafin busarwa gashin yakan yi nauyi ya daɗe bai bushe ba, sai a yi ta maimaita wucewa, zafin ya ninku.

Yanzu a ware ɗan yanki daga gidan, kaurin yatsu biyu, faɗinsa kada ya wuce faɗin burushin. A taje shi da mataji tun daga baki zuwa tushe, don One-Step ba ta warware sarƙiya, tsinka ta take yi. A kama bakin gashin a ja shi a hankali ya miƙe, a bi tsawonsa da iskar sau biyu ko uku ba tare da an cusa haƙoran ba. Wannan ja da iska shi ke yin rabin aikin. Sai a sa haƙoran a bakin gashin, a hau zuwa tsakiya, sannan tushe, ana gangarowa a hankali kamar daƙiƙa biyar kowace wucewa. Wucewa uku zuwa huɗu ta isa. Tsakiyar kai, inda gashi ya fi cika, za a iya ba tushensa matakin sama na 'yan daƙiƙu, amma bakin gashi da gashin gaban goshi kada su ga wannan matakin sam. A rufe kowane yanki da iska marar zafi daƙiƙa 10 zuwa 15, a murɗe shi a maƙale, a wuce na gaba.

Ɗan tururi kaɗan ba matsala ba ne. Ƙarar cuwat, ko hayaƙi mai ƙauri, alama ce ta ruwa ya yi yawa ko mai ya yi yawa, a dakata. Guntayen gashi a kafaɗa suna nuna yankin ya yi kauri ko ba a taje shi ba. Mafi muni shi ne a wanke kai daga baya a ga wasu silin sun ƙi komawa murɗewarsu, sun saki kamar na mai rilaksa. Wannan ƙuna ce, babu man da ke mayar da ita, sai almakashi. Saboda haka muke ganin sau ɗaya a mako uku ko huɗu ya isa.

Bayan an gama ne man kaɗanya ke shigowa. A narkar da kamar ƙwayar wake a tafin hannu don kowane gida, a shafa daga tsakiya zuwa baki, a yi kalaba ko a tafi wurin mai kitso. A lokacin hunturu, da iska ke zuƙe danshin komai, a ɗan ƙara yawan kwandishinan, kuma a sa siririn ɗankwali mai santsi a ƙarƙashin na auduga ko hijabi, dare da rana, don auduga tana shan mai. Shafar kai a alwala za ta sa gashin gaba ya ɗan koma murɗewarsa, kuma hakan ba laifi ba ne, ba dalilin sake kunna draya ba ne.

Wajen saye a karanta rubutun da ke jikin mariƙin. Wadda aka yi domin Amurka tana cin wat 1100 a kan lantarki mai ƙarfin volt 120, alhali na Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ne, idan aka jona ta kai tsaye za ta ƙone, kuma ɗan adaftan da ke canza bakin filogi ba ya rage ƙarfin wuta. A nemi wadda aka rubuta wa 220 zuwa 240, ta Ingila ma filoginta mai ƙafa uku ya dace da soket ɗin Najeriya. Ƙaramin janareta da ƙaramar sola ba sa ɗaukar draya cikin sauƙi. Akwai kuma masu kama da ita birjik da aka rubuta wa One Step ba tare da sunan Revlon ba, ba su muke nufi ba.

Ga mai gashin da ya kai wuya ko ya wuce, mai son miƙar da shi kafin kitso ko kafin a datse baki, mun yarda da ita, ta fi draya mai mataji a baki saurin aiki da sauƙin riƙewa. Ba za ta ba da santsin ƙarfen miƙar da gashi ba, kuma kada a matsa mata sai ta bayar. Mai gajeren gashi, da wadda nata ke karyewa yanzu haka, da ƙananan yara, kitson zare ya fi musu, yana miƙarwa ba tare da zafi ba. Wadda ta saya kuma ta riƙa cire gashin da ya maƙale a haƙoran bayan kowane amfani, ta goge ragar gindin da busasshen burushin haƙori, domin idan ƙura ta toshe ta iska tana raguwa zafi ya ƙaru, matakin ƙasan ma sai ya koma yana ƙuna. Duk ranar da dunƙulen bakin haƙoran suka fara zubewa, burushin zai fara yagar gashi, a sauya ta.