Katamaran na hannu: hutun mako uku, kwana goma sha ɗaya a kan tudu

Taurari uku na ba wannan katamaran, wato jirgin ruwa mai ciki biyu da ƙyallen iska, kuma da a makon da muka dawo na rubuta wannan, ko ɗaya sai an roƙe ni.

Na hannu na saya, mai tsawon ƙafa 40, wanda ya yi shekara biyar a hannun kamfanin haya. Duk wanda ya leƙa kasuwar ya san irinsu: ɗaki huɗu, banɗaki huɗu, an wanke an goge sai ƙyalli. Ni ma'aikaci ne, lissafina in riƙa fita da iyali sau biyu a shekara. Dillali ya ce in ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin kowace shekara don kula da shi. Na ce a raina wannan ai na masu kwana da tashi a ciki ne, jirgin da zai yi wata goma a ɗaure me zai ci?

Kwana biyu da fitarmu ta farko, na zaro sandar awon man giya na injin hagu, sai ga mai ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Ruwa ya shiga. Zaren fatsa ne ya naɗe a gindin farfela ya cinye robar da ke tare ruwan. Robar nan ba ta cika tafin hannu ba, kuɗinta ma ba abin faɗa ba ne. Sai dai a ƙarƙashin ruwa take, ba a taɓa ta sai an ciro jirgin kan tudu. To a nan ne na gane abin da na saya.

Faɗinsa ya kusa mita bakwai. Injin ɗaga jirage na tashar da nake ajiya bai kai wannan faɗin ba. Tashar da ke karɓar kuɗin wuri ɗaya da rabi a hannuna saboda wannan faɗin dai! Ranar da na sa hannu a takarda babu wanda ya buɗe baki ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba, wannan kam laifina ne. Wuri huɗu na kira kafin na samu mai faffaɗan inji, tafiyar yini da rabi. Da inji ɗaya muka lallaɓa, kuma wanda bai taɓa shiga matsattsiyar tasha da katamaran mai inji ɗaya ba bai san zufa ba: kana so ya miƙe, shi kuwa sai juyawa yake gefe guda kamar mai neman abin da ya faɗi. Muka isa aka ce akwai layi, kwana shida.

Da aka ɗaga shi kuma sai bakanike ya fara wata magana da har yau nake jinta a kunnena: "Tunda an riga an ɗaga." Tunda an riga an ɗaga, a canza robar ɗaya ɓangaren. Tunda an riga an ɗaga, a sa sabon zinki, ƙarfen nan da ruwan gishiri ke ci a madadin farfela. A sake fentin ƙasa mai hana gansakuka da katantanwa kamawa. Babbar robar da ke tsakanin ƙafar injin (ɓangaren da ke riƙe da farfela a cikin ruwa) da cikin jirgi kuwa, wadda ake son canzawa wajen shekara bakwai, babu takardar da ta nuna an taɓa ta. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, ban ga inda ya cuce ni ba. Kawai dai komai biyu ne: inji biyu, farfela biyu, matatar mai biyu, kuɗin aiki biyu.

Amma in faɗi tsakani da Allah, kwanakin da suka rage mana sun wanke mini zuciya. Uwargida, wadda ko ƙaramin kwalekwale ta hau sai jiri da amai, ta ajiye kofi a kan tebur muna cikin tafiya bai motsa ba. Jirgin ba ya kwantawa gefe kamar mai ciki ɗaya. Abin da yake nutsewa a ruwa mita ɗaya ne da 'yan kai, don haka muka jefa anga dab da rairayi, inda sauran jirage suka tsaya can nesa suna hangenmu. Da yamma ta dube ni ta ce, "Abban yara, kada ka kuskura ka sayar da shi." A daren na ce taurari biyar zan ba shi.

Sai hanyar dawowa, iska ta zo mana ta gaba. Ba ya son wannan ko kaɗan. Igiyar ruwa ta riƙa dukan ƙasan falon da ke tsakanin cikin biyu, kai ka ce wani ne ke sara da guduma, dole na naɗe ƙyallen iska na tada injuna muka ƙona dizal. Ina komawa aiki ga saƙon masu inshora: wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar tsakiya sun doshi shekara goma, ko in canza su ko su cire hannunsu daga sandar. Mai duba jirgin da na biya kafin saye ya rubuta wannan, a shafi na goma sha wani abu, ni kuwa hotunan ɗakuna nake kallo.

Yanzu wata na huɗu ke nan ban taka shi ba. Jiya mai gadin da nake biya ya turo hoton banɗaki biyu da ba mu taɓa shiga ba, famfon ɗaya ya ƙame don rashin amfani, yana tambaya ko ya kira mai gyara.