Kaya daga Jidda zuwa Kano: ta ruwa ko ta sama?

Hajiya barka da warhaka, na ga tambayarki tun jiya, lodi ne ya riƙe ni a mustauda, wato sito. Kin ce kina da katan-katan na abaya, darduma, dabino da turare, ga firji ɗaya, kina son su isa Kano kafin azumi, shin jirgin ruwa ko kagon sama. Ni dai shawarata kar ki tura su hanya ɗaya, raba su za ki yi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ma'aunin ba ɗaya ba ne. Jirgin sama kilo yake sayarwa, jirgin ruwa kuma wuri yake sayarwa, wato sibiyem, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan sibiyem 33, mai ƙafa 40 kusan 67. Amma su ma 'yan sama ba sa barin abu mai cin wuri ya wuce a banza, sibiyem ɗaya suna lissafa shi kamar kilo 167 ko da auduga ce a ciki, shi ya sa darduma da bargo da firjin nan in kika ɗora su a sama wallahi kuɗin shahan, wato na dakon kayan, sai ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Waɗannan na ruwa ne, ba sai an yi dogon tunani ba.

Sai dai ruwa yana son haƙuri. Daga Jidda zuwa Kano a sama awa biyar ne ko ƙasa da haka kaɗan, da haɗa kaya da kwastan ki ce sati ɗaya zuwa biyu. A ruwa kuwa ki buɗe taswira ki gani, Afirka ce gaba ɗaya a tsakaninmu da Legas. Ko jirgi ya yi arewa ya bi Suwez ya shiga Bahar Rum, galibi a sauke kwantenar a Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen ta jira wani jirgin, ko ya yi kudu ta Babul Mandab ya zagaye Afirka ta Kudu, kuma tun ƙarshen 2023 da 'yan Huti suka fara kai wa jirage hari kamfanoni da yawa suka canza hanya, jadawali ya rikice, inshora ta hau. Ni duk wanda ya tambaye ni ina ce masa ya sa wata biyu a ransa, in ta zo da wuri alhamdu lillahi.

Kuma isa Apapa ko Tinkan, tashoshin jirgin ruwa na Legas, ba isa gida ba ne, nan ne ma ake kuka. Akwai Fom M, takardar shigo da kaya Najeriya, da ya kamata a buɗe tun kafin a yi lodi a nan, akwai kiliyarin, ga dimarej, wato tarar jinkirin ɗauke kwantena, da ke hawa kullum da zarar kwanakin kyauta sun ƙare, sannan tirela ta ɗauko kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. An buɗe tashar tudu ta Dala a Kano, wato tashar sauke kwantena, a 2023, ki tambayi ejan ɗinki ko bolisarsa, wato takardar lodin jirgi, har can take ko a Legas ta tsaya. Na taɓa shiga kwantenar haɗaka, ashe wani ya cusa gwanjo a ciki, gwanjo kuwa haramtacce ne shigo da shi Najeriya, aka riƙe ta gaba ɗaya, kayana na salla sai bayan salla suka fito, har yau in na tuna raina yana ɓaci saboda amanar mutane ce a ciki. Don Allah ki tambayi da su wa aka haɗa ki.

Abaya ki tura ta sama, ba ta da nauyi, tana da tsada, kuma yayi ba ya jira. Dabino ma sama in dai na azumin bana ne, musamman mai laushi irin sukkari, zafin cikin kwantena wata biyu zai dame shi, busasshe ne kawai zan yarda ya bi ruwa.

Turaren ne ki yi hattara. Mai fesawa akwai sinadarin da ke kama wuta, 'yan sama suna sa shi cikin kaya masu haɗari, da takardarsa daban da kuɗinsa daban, kar wani ya ce miki a ɓoye shi a tsakiyar abaya, in na'ura ta gani katan ɗin duka za a sauke.

Ki auna firjin da dardumar ki turo min tsawo da faɗi da tsayi, in sha Allah zan lissafa miki sibiyem ɗin kafin ki je wajen masu shahan.