Wuƙa mai baki uku ko faifan zarto: wanne ya dace da ƙaya da ƙananan itatuwa?

Malam, ka ce filinka ya cika da sarƙaƙiyar ƙaya, ga ƙananan itatuwa sun tsiro a tsakani, kana tambayar wacce za ka ɗaura wa injin sassabenka: wuƙa mai baki uku ko faifai mai haƙoran zarto. Aiki biyu ne a gabanka, kowanne da makaminsa.

Ƙaya ba tauri ne matsalarta ba, lanƙwasa ce da sarƙewa. Mai baki uku sara take yi kamar adda, nauyinta da gudunta ke tsinke reshe kafin ya kauce. Ka ɗaga ta, amma kada ta wuce ƙugu, ka riƙa saukowa da ita a hankali cikin sarƙaƙiyar, za ka ga tana daddatsa rassan gunduwa-gunduwa suna zuba. Faifan zarto kuwa in ka tura shi nan, yanka ɗaya zai yi a gindi, ya bar maka tulin ƙaya a tsaye, a sarƙe, sai ka koma kana ja da hannu. Na taɓa yini a haka, safar hannuna duk ta yage. Akwai kuma mai baki biyu da aka lanƙwasa bakinta ƙasa, wadda ke niƙe ƙaya ƙwarai, amma tana son inji mai ƙarfi, kamar cc 40 (ma'aunin girman inji) zuwa sama, kuma tana watsa tarkace sosai.

Da zarar ice ya wuce kaurin babban yatsa, wato kamar santimita 2, labari ya sauya. Mai baki uku sai ta riƙa dukansa tana dawowa, kana jin girgizar har kafaɗa, giyar kan injin kuma tana shan wahala a banza. Nan faifan zarto ke da magana. Mai manyan haƙora 22 ko 24, irin Scarlett na kamfanin Husqvarna, yakan ratsa ice mai kaurin santimita 4 ko 5 cikin daƙiƙa kaɗan, in ka bar injin ya kai ƙarshen gudunsa kafin ka kai shi jikin icen. Na fi son sa a kan mai ƙananan haƙora 80, domin da magagari zagayayye mai milimita 5.5 za ka wasa shi a tsaye a fili. Mai haƙoran kabaid, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, yana daɗewa bai dakushe ba, sai dai in ya ci karo da dutse haƙori na iya ɓallewa, kuma magagarin da aka saba ba ya cin sa.

Abin da ya fi damuna da faifan zarto shi ne tsalle. Ka ɗauki faifan kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 yana can gaba nesa da kai: kada ka taɓa ice da ɓangaren da ke tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3, domin nan ne yake fizgar injin gefe da ƙarfin da ba za ka iya tarewa ba. Don haka sai da inji mai hannu irin na keke, da ɗamarar rataya, da kariyar fuska, kowa kuma ya ja baya mita 15.

In ɗaya za ka iya saya yanzu, ka zaga filin ka duba. In yawancin itatuwan ba su fi yatsa ba, ɗauki mai baki uku, 'yan manyan ka bi su da zarton hannu. In da hali ka haɗa biyun: ka fara share ƙaya har ka ga gindin kowane ice da duwatsun da ke ɓoye, sannan ka sauya faifai. Kafin ka biya kuɗi ka auna ramin tsakiyar wuƙar ko faifan ka ga ya dace da injinka, don akwai milimita 20, akwai 25.4. Kututturen kuma ka yanke shi a kwance daf da ƙasa, mai tsini yana huda taya da tafin ƙafa.