Akwatin gwajin talewar roba: kayan sun yi, ɗan littafin ne matsala

Wata uku ke nan da makarantarmu ta sayo akwatin nan na gwajin dokar Hooke, wato dokar kimiyya da ta ce abu yana talewa gwargwadon ƙarfin da ya ja shi, aji uku sun riga sun yi aiki da shi a hannuna, saboda haka abin da zan faɗa gani ne, ba ji ba.

A ciki akwai sandar ƙarfe mai gindi, mariƙi biyu, rula mai tsawon mita ɗaya, ƙugiyar rataya nauyi da faifan ƙarfe tara masu tsaga, kowanne giram 100, ita ma ƙugiyar giram 100, jimla kilo ɗaya. Sai sifirin (nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai talewa) uku, ƙunshin robobi irin na ɗaure kuɗi, da ɗan littafin bayani.

Gindin sandar yana da nauyi, wannan ne ya fara burge ni. Duk malamin da ya taɓa ganin sanda ta kife da kilo guda a rataye, yaro ya janye ƙafa da ƙyar, ya san abin da nake nufi. Faifan kuwa na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a sikelin lantarki: takwas sun tsaya tsakanin giram 99 da 101, ɗaya ya ba ni 96. Na ɗiga masa jan fenti, shi ake ɗorawa ƙarshe. Giram 100 yana ja da ƙarfin niyuton 0.98 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), yara suna cike shi zuwa 1, ban hana su ba.

Sifirin ɗin ba su da laifi ko kaɗan. Ka ninka nauyi, talewa ta ninku, ɗigo-ɗigon da ke kan giraf su jeru kamar an sa musu igiya. Abin da Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya ɓoye ke nan cikin hargitsattsun haruffa a 1676, ya warware a 1678: gwargwadon talewa, gwargwadon ƙarfi.

Da aka zo kan roba ne raina ya ɓaci. Littafin cewa ya yi a maimaita abin da aka yi da sifirin, a ja miƙaƙƙen layi, a fitar da lamba ɗaya ta taurin robar. To ai roba ba ta bin dokar Hooke sai a ɗan farkon ja. Faifan farko tana ɗan turjewa, a tsakiya ta saki jiki ta yi ta tafiya, can kusa da ƙarshe kuma ta ƙage, ka ƙara nauyi da ƙyar ta motsa. Zanen yana fitowa a lanƙwashe, kamar harafin S da aka ja kunnuwansa. Dalili kuwa, ƙwayoyin roba dogaye ne a cukurkuɗe, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ja yana warware su, in sun gama miƙewa babu sauran abin warwarewa, sai tauri.

Wata ɗaliba, cikin masu ƙoƙarin ajin ma, ta kawo min giraf ɗinta da layi ɗoɗar. Na ɗaga takardar ga haske, sai ga sawun gogewa a wuri biyu cikin jadawalin. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, littafin ne ya ce layin a miƙe yake, na ɗauka ni ce ban iya awo ba.” Na ce mata, “'Yata, robar ba ta karanta littafin ba. Maido min da lambobinki na farko.” Su ne daidai. Littafin da zai sa yarinya ta ƙaryata idonta a ɗakin gwaje-gwaje, ban ga amfaninsa ba.

Kuma bai ce uffan ba kan sauke nauyi, alhali nan daɗin gwajin yake. In ka cire faifan ɗaya bayan ɗaya kana aunawa, robar takan fi tsawo a kowane mataki fiye da yadda take lokacin ɗorawa. Layin tafiya daban, na dawowa daban, filin da ke tsakaninsu shi ne kuzarin da ya salwanta ya zama zafi. Nakan kuma sa kowa ya tale roba da sauri ya taɓa ta a leɓensa, ya ji ɗumi, ya sake ta ya ji sanyi. Wani Bature ɗan Ingila, John Gough, wanda makaho ne, da leɓensa ya gano haka a farkon ƙarni na 19. Yara ba sa manta wannan labarin.

Akwai ƙananan abubuwan da na gyara da kaina. Rular ba ta zo da manuni ba, mai tsaye ya karanta daban, mai durƙuso daban, sai na manna allura a gindin ƙugiyar. Roba tana ci gaba da jan jiki a hankali bayan an rataya mata nauyi, don haka muka tsayar da daƙiƙa 30 kafin kowane karatu. Sabuwar roba kuma ta fi tauri a jan farko, sai an tale ta sau huɗu ko biyar take daidaita. Robobin akwatin faɗinsu ba ɗaya ba ne, wasu har sun fara tsattsagewa tun a leda, rana da zafi suna cin roba. Na tsince masu kyau na rufe a gwangwani.

Babu tabarau na kariya a ciki, wannan sakaci ne. Roba ta tsinke a faifai na takwas ta tsula wa wani yaro a kunci, saura ƙiris ido. Tun ranar ba mai taɓa ƙugiya sai da tabarau, da kwali cike da tsumma a ƙasa.

Zan sake sayen akwatin saboda sandar, faifan da sifirin. Shafin robar kuwa na liƙa nawa bayanin a kansa. Mako mai zuwa zan zo da na'urar busar da gashi in hura wa robar da ke ɗauke da nauyi iska mai zafi. Duk ajin sun ci alwashin za ta ƙara tsawo, ban gaya musu tsukewa za ta yi ba.