Gero ko ƙwayar da ake odarta daga waje: wanne ƙananan tsuntsayen Kano suka fi so?

Hajiya, kin ce kina ganin bidiyon Turawan Amurka suna rataye wani dogon mazubi a bayan gida, ƙananan tsuntsaye suna dandazo a kai, kuma an ce miki ƙwayar nyjer da ta sunflower, wasu 'ya'yan furanni masu maiƙo, suke zubawa. Kina tambaya ko ki yi odarsu, ko geron da ke ɗakin ajiyarki ya isa. Ni dai shawarata ki riƙe kuɗinki, ki ɗebo gero.

Tsuntsayen da kike gani a bidiyon ba danginsu ɗaya da yawancin masu sauka a tsakar gidajenmu ba. Ɗan rawayan nan na Amurka, goldfinch, a daji ma 'ya'yan furanni masu maiƙo yake ci. Yana maƙalewa jikin reshe, wani lokaci kansa a ƙasa, yana zaro ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka ƙera masa mazubi mai ƙananan huji. Namu kuwa, baiwar Allah da asisi, 'ya'yan ciyawa suke tsinta a ƙasa. Baiwar Allah tsawonta duka wajen santimita 10 ne. Ki lura da ita da safe a gindin rariya ko kusa da turmi: namijin ja, macen ruwan ƙasa, suna ɗan tsalle suna tsintar abin da idonki ma bai gani ba. Wannan ɗan bakin ba zai fasa ɓawon sunflower ba ko da za ta wuni a kai.

Nyjer siririyar baƙar ƙwaya ce, an fi nomanta a Habasha da Indiya, inda ake tatsar man girki daga gare ta. Mai ya kai wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinta, sunflower ma haka. Gero kuwa mansa bai wuce kamar kashi 5 ba, sauran yawanci gari ne. Tsuntsun da zai kwana cikin ƙanƙara yana buƙatar wannan maiƙon. Namu ko a tsakiyar hunturu ba su ga irin wannan sanyin ba. Sannan maiƙon nan shi ne matsalar nyjer a garinmu: in zafin bazara ya bugi ƙwayar, sai ta bushe ko ta yi ɗaci, tsuntsu ya shinshina ya bar miki kayarki. A Amurka ma sai an gasa ta kafin a shigar da ita ƙasar don kada wani iri ya tsiro, ga doguwar tafiya kafin ta iso hannunki. Gero kuwa daga Dawanau zuwa gidanki ne, ko ki aika yaro kasuwar unguwa ya auno rabin kwano.

Wuri ɗaya ne ƙwayar waje take da ta cewa, wato wajen kanari. Shi ɗan uwan waɗancan na Amurka ne na haƙiƙa, yana kuma son abu mai maiƙo. Amma kanarin daji ba kullum yake leƙo gidajen cikin badala ba, ya fi yawa inda akwai bishiyoyi da fili. In gidanki na irin unguwannin nan ne masu lambu, ki yayyafa ɗan riɗi a gefe, zai yi aikin da ake nema daga nyjer.

Tsakanin hatsinmu ma akwai bambanci, kuma a nan na fi so ki sa ido. Dawa ta yi wa baiwar Allah da asisi girma. In kin zuba ta, kurciya da tattabarun maƙwabta kika gayyata, su kuma in sun sauka ƙananan sai su koma kan katanga suna kallo. Turawan ma suna kukan cewa dawar da ake cakuɗawa a buhun abincin tsuntsaye ita ake bari a ƙasa. Gero gwara na cinsa yadda yake, kabare ma haka, amma ƙananan sun fi sakewa da shi in an ɗan ɓarza shi ya zama tsaki. Ba gari ba, Hajiya, tsaki, don gari iska ke kwashewa, in raɓa ta taɓa shi kuma ya dunƙule. Wadda ta fi duka ita ce acca, wadda ake kawo mana daga Filato da kudancin Kaduna, domin ita ce mafi kusa da 'ya'yan ciyawar da suka saba ci. Ki zuba acca gefe ɗaya na faifai, tsakin gero ɗaya gefen, za ki ga asisi ya fara da accar. Tsadarta ce kawai, sai dai cokali biyu ya ishe su wuni.

Mazubin rataye ma ba sai kin saya ba. Faifai ko tsohon tire a ƙasa-ƙasa, kusa da wata 'yar bishiya da za su ɓuya in shirwa ta gifta, amma ba inda mage za ta laɓe ba. Ki ajiye kaskon ruwa marar zurfi a gefe, a riƙa sauyawa kullum. Daga Maris zuwa Mayu ruwan nan ya fi hatsin jawo su. In damina ta zauna za ki ga sun ragu, kada ki damu, ciyawa ce ta yi 'ya'ya. A lokacin ki rage zubawa, domin jiƙaƙƙen hatsi yana fumfuna, fumfuna kuma tana kashe su.

Abin da nake roƙonki da shi, in za a auno geron a tambayi mai hatsin ko an sa masa maganin ƙwari na ajiya. Abin da mutum zai wanke ya surfa ya ci lafiya, tsuntsun da nauyinsa bai kai giram 10 ba yana iya mutuwa da shi. In kina shakka, a surfa, a wanke, a shanya ya bushe sarai kafin a ɓarza.